Me ya sa masu jaz ke girmama faifan da ɗan rawa Fred Astaire ya rera a 1952?

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce ka ga ana sa faifan Fred Astaire mai suna The Astaire Story cikin manyan fayafayan jaz, kiɗan nan da ya tsiro a hannun baƙaƙen Amurka, ka nema ka saurara, sai ka ji murya siririya wadda ko kusa ba ta kai ta Louis Armstrong ko Ella Fitzgerald cika ba, ga shi kuma mutumin da rawar fim aka san shi. Ka tambaya: ina jaz ɗin yake, kuma me ake yabo?

Kunnenka bai yaudare ka ba. Muryar ƙarama ce, ba ta hawa sama sosai, ba ta jan dogon numfashi, kuma lokacin da aka ɗauki faifan yana da shekara 53. In ƙarfin maƙogwaro kake nema, ba nan za ka same shi ba. Abin da makaɗa ke yabo a wurinsa shi ne inda yake ajiye kalma. Kowace gaɓa tana sauka a kan kiɗa kamar yadda ƙafarsa ke sauka a dandamali, wani lokaci daidai kan bugu, wani lokaci kafin bugun da ɗan ƙiris, wani lokaci ya bari bugun ya wuce sannan ya biyo shi a hankali. Na daɗe ina koyar da fiyano, kuma zan iya ce maka wannan shi ne abu mafi wuyar koyarwa. Murya ana gyara ta da atisaye. Sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru kuwa, mutane kaɗan ne ke da shi a jini.

An haife shi ranar 10 ga Mayu, 1899, a garin Omaha na jihar Nebraska a Amurka, sunansa na yanka Frederick Austerlitz. Tun yana yaro ƙarami yake hawa dandamali tare da yayarsa Adele, suna rawa da waƙa a gidajen wasa, har suka kai manyan dandamalin Niyok da Landan. A 1932 Adele ta yi aure a Ingila ta bar sana'ar, shi kuma ya nufi Holiwud, inda ya yi finafinai goma tare da Ginger Rogers. Irin rawar da ya fi shahara da ita ita ce ta ƙwas-ƙwas, wadda ake maƙala ƙarfe a tsini da dunduniyar takalmi, ɗan rawa ya riƙa fitar da sauti da ƙafa. Mai irin wannan rawa makaɗi ne, ƙasa ce gangarsa. Astaire kuma bai tsaya a ƙafa ba, yana buga ganguna a gidansa, yana kaɗa fiyano. Saboda haka idan ya buɗe baki, makaɗi ne ke waƙa.

Akwai wani abu da ya kamata ka riƙe, tunda mu mun taso da finafinan Indiya da namu na gida, inda jarumi ke motsa leɓe wani mawaƙi dabam yana rerawa. Astaire da bakinsa yake rera waƙoƙin finafinansa. Wannan ya sa manyan masu tsara waƙa na wancan zamani suka riƙa rubutu da muryarsa a kunnensu. George Gershwin da yayansa Ira sun rubuta wasan Lady, Be Good! a 1924 da Funny Face a 1927, duka Fred da Adele ne taurarin. Cole Porter ya ba shi “Night and Day” a 1932. Irving Berlin ya rubuta masa “Cheek to Cheek” da “Isn’t This a Lovely Day” don fim ɗin Top Hat na 1935. Jerome Kern da Dorothy Fields suka ba shi “The Way You Look Tonight” a fim ɗin Swing Time na 1936, waƙar da ta ci lambar Oscar. A 1937 kaɗai, ’yan Gershwin sun sa masa “They Can’t Take That Away from Me”, “Let’s Call the Whole Thing Off”, “A Foggy Day” da “Nice Work If You Can Get It” a baki. Kai da ke koyon fiyano, buɗe littafin waƙoƙin da malaminka ya ba ka ka duba, za ka tarar da yawancin sunayen nan a ciki. Su ne waƙoƙin gado na masu jaz, waɗanda makaɗan da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya hawa dandamali a Tokyo ko Faris su kaɗa tare ba tare da sun yi shiri ba. Kaso mai tsoka daga cikinsu a bakin wannan ɗan rawa duniya ta fara jin su.

Me ya sa masu tsara waƙa suka yarda da shi haka, alhali ga masu manyan muryoyi a gari? A ganina dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa rubuta baiti ya miƙa wa wani. Mai babbar murya yakan so a ji muryarsa, sai ya ja wata gaɓa har ma’anar jimlar ta ɓace. Astaire yana furta kalmomi kamar mai hira da mutum ɗaya a zaure. Ko Turancinka bai yi zurfi ba za ka iya rubuta abin da yake faɗa, don ba ya haɗiye harafi. Marubuci irin Ira Gershwin ko Cole Porter, wanda ya kwana yana neman kalmar da za ta yi amsa-amo da ’yar’uwarta, babu abin da yake so kamar wannan.

A shekarun 1930 ya ɗauki yawancin waƙoƙin nan a fayafayan garmaho, tare da manyan ƙungiyoyin kiɗan rawa irin na Leo Reisman da Johnny Green da Ray Noble. Suna da daɗi, kuma sun yi kasuwa ƙwarai a lokacinsu. Amma faifan garmaho minti uku da ɗoriya yake ɗauka a kowane gefe, kuma an rubuta wa makaɗa komai a takarda, goge da ƙaho sun cika wurin, mawaƙi ya shigo ya rera rabonsa ya fita. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda, kuma naɗar sauti a kan tef ta shigo situdiyo. Wannan ne ya buɗe ƙofar abin da Norman Granz ya yi.

Granz mutum ne da ya cancanci a daɗe a kansa. Shi ya fara shirya wasannin Jazz at the Philharmonic a Los Anjalis a 1944, yana tara gwanayen makaɗa, baƙaƙe da farare, a dandamali guda, yana yawo da su gari-gari. A lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a kudancin Amurka, shi yana sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba za a raba wurin zaman ’yan kallo ba, in mai gidan wasa ya ƙi, sai ya fasa wasan ya ɗauki asara. Shi ne ya kawo shawarar a ɗauko Astaire a cire shi daga cikin tarin goge, a zaunar da shi da makaɗan jaz shida kacal, ya sake rera waƙoƙin rayuwarsa. Aka yi aikin a watan Disamba na 1952 a Los Anjalis, aka fitar da shi a dogayen fayafayai huɗu. Bugu na musamman kwafi 1,384 ne kawai, kowanne da sa hannun Astaire, da hotunan Gjon Mili da zanen David Stone Martin a ciki. A 1999 hukumar Grammy, mai ba da lambobin yabo na kiɗa a Amurka, ta sa faifan a jerin ayyukan tarihi da take karramawa.

Dubi mutanen da aka zaunar a ɗakin. A kan fiyano Oscar Peterson ne, ɗan Kanada haifaffen Montreal, yana da shekara 27, wato a shekaru Astaire ya isa ya haife shi. Granz ne ya gabatar da shi ga Amurkawa a zauren Carnegie a 1949. Ray Brown ke riƙe da bas, ƙaton gogen nan na tsaye da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Barney Kessel na kan jita, Alvin Stoller na kan ganguna, Charlie Shavers na busa ƙaho, Flip Phillips na busa saksafon. Peterson mutum ne da yatsunsa ke gudu kamar ruwan sama a kan kwano, Shavers ya iya kai ƙaho ƙololuwa, Phillips kuwa a wasannin Granz an san shi da busar da ke ta da ’yan kallo tsaye suna ihu. Kowannensu zai iya binne muryar Astaire cikin numfashi guda. Abin da ya fi burge ni a faifan shi ne yadda suka sassauta. Shavers yana toshe bakin ƙahonsa ya riƙa amsa wa mawaƙin a ’yan gurabun da ya bari, Phillips yana busa a hankali har kana jin iskar bakinsa, Peterson yana shimfiɗa masa tabarma yana jiran nasa lokacin. In lokacin ya zo, Astaire ya yi shiru, su kuma su ɗauki karin waƙar su juya shi yadda suka ga dama. A nan ne za ka ji jaz tsantsa, irin wanda kake tambaya.

Yanzu bari mu matsa kusa, don maganar “ajiye kalma” ba ta da amfani in ba ka ji ta da kunnenka ba. Yawancin waƙoƙin gado an gina su ne a kan awo 32, kowane awo bugu huɗu: kari na farko awo takwas, a maimaita shi, sai wani kari dabam da ake kira gada, sannan a koma na farko. Kunna “They Can’t Take That Away from Me”, ka ɗora hannu a kan teburi kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Za ka lura jimlar farko ba ta farawa a kan ɗaya. Gershwin ya bar gurbi, sannan gaɓoɓi biyar suka biyo a kan sauti guda, ta shida ta ɗaga ta sauka a kan ɗaya na awo mai zuwa. Sauti guda ne ake maimaitawa, babu wani ado da murya za ta ɓuya a bayansa. Mawaƙin da bai da rangaji a jikinsa zai jero gaɓoɓin nan daidai wa daida kamar mai ƙirga kuɗi. Saurari yadda Astaire ke yi: wata ya taƙaita ta, wata ya ɗan jingina a kanta, sai jimlar ta yi tafiya kamar mutum mai taku. Na taɓa sa wata ɗalibata ta kaɗa wannan jimla sau goma, duk a sandare take fitowa. Da na kunna mata faifan na ce ta tashi ta taka ɗakin tana bin muryarsa, ta dawo kan fiyano, sai ga hannunta ya saki. Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ta bayani ba.

Waƙar nan tana da nauyi na dabam in ka san labarinta. A fim ɗin Shall We Dance ya rera wa Ginger Rogers ita a cikin jirgin fito, cikin hazo, ba su ko taka rawa ba. Maganar waƙar ita ce ko an rabu, akwai ’yan ƙananan abubuwan tunawa da ba mai iya ƙwacewa. Wata biyu bayan fitar fim ɗin, ranar 11 ga Yuli, 1937, George Gershwin ya rasu yana da shekara 38. Shi da Astaire sun san juna tun suna samari masu neman abin kai a Niyok. Wanda ke rera ta a 1952 dattijo ne da abokinsa ya shekara goma sha biyar a ƙasa, kuma ni ina jin hakan a muryar.

In kana son ganin ɗaya gefen, wato wasa da bugu, sai “Fascinating Rhythm” da “Puttin’ on the Ritz”. A duka biyun an ɗauki gajeren kari ana maimaita shi, amma tsawonsa bai yi daidai da awo mai bugu huɗu ba, saboda haka duk maimaici nauyin yana faɗawa a wani wuri dabam. Mawaƙa da yawa sukan yi tuntuɓe a nan, ko kuma ka ji suna ƙirgawa a zuci. Shi kuwa yana ratsa wurin yana murmushi a murya, don abin da ƙafarsa ta shekara arba’in tana yi ke nan. Sannan akwai wurare uku a faifan da bai rera komai ba, ya sa takalmin ƙarfe ya taka rawa a gaban makirfo, ɗaya da sauri, ɗaya a hankali, ɗaya tsaka-tsaki, makaɗan suna bin sa. Ba ka ganin komai, ƙarar ƙafa kawai kake ji. Shawarata ita ce ka saurari ɗaya daga cikinsu, nan take ka koma kan wata waƙa mai sauri. Za ka gane harshe ɗaya ake yi da ƙafa da baki. A wata waƙar ma, “Not My Girl”, wadda shi ya tsara karinta, ya zauna ya kaɗa fiyano da kansa, a ɗakin da Oscar Peterson ke zaune.

To, shin mawaƙin jaz ne? Zan gaya maka gaskiyar abin da na ɗauka. In ma’aunin shi ne mutum ya rushe karin waƙa ya sake gina shi nan take, kamar yadda Billie Holiday ke yi, ko ya mai da murya ƙaho yana zuba sautuka marasa kalma kamar Armstrong da Ella, Astaire ba ya cikin wannan sahu, kuma bai nemi shiga ba. Yana bin karin da aka rubuta kusan sau da ƙafa. Ɗauki “The Way You Look Tonight” da Billie Holiday ta rera tare da Teddy Wilson a 1936, ka gwama da tasa, za ka ji ita tana lanƙwasa karin yadda ranta ya so, shi yana riƙe da shi kamar amana. Amma jaz ba ƙirƙirar nan take kaɗai ba ne. Rabinsa rangaji ne, wato yadda ake zama a cikin bugu har jikin mai sauraro ya motsa ba da saninsa ba. Wannan rabin yana da shi cikakke, shi ya sa makaɗan shida ba su yi masa kiɗan alfarma ba, sun yi kiɗa da shi kamar ɗaya daga cikinsu. Kuma akwai wata fa’ida gare ka musamman: duk mai son juya waƙa dole ya fara sanin ta yadda aka haife ta. In ka haddace “A Foggy Day” daga bakin Astaire, sannan ka ji abin da wasu suka yi da ita, za ka san me suka canza da dalilin canzawar.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don in na tsallake ta na rage maka gaskiya. Rangajin nan da rawar ƙwas-ƙwas ba Astaire ya ƙago su ba. Sun tsiro ne a hannun baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, rawar kuma ta gauraya da takun ’yan Ailan. A zamaninsa akwai Bill Robinson da John Bubbles da ’yan’uwan nan biyu Fayard da Harold Nicholas, gwanayen da Holiwud ba ta ba su matsayin jarumin fim irin nasa ba saboda launin fatarsu. A cikin Swing Time ma akwai rawar “Bojangles of Harlem” da ya yi da fuska shafe da baƙi, al’adar dandamalin Amurka mai muni wadda ta ginu a kan yi wa baƙar fata ba’a. An gabatar da ita a matsayin girmamawa, amma kallonta yana da ciwo, kuma ina ganin daidai ne ya yi ciwo. Wannan na cikin abin da ya sa faifan 1952 ke da daraja a wurina. A ɗakin nan Peterson da Brown da Shavers baƙaƙe ne, an rubuta sunayensu, an ba su fili su yi magana da kayan kiɗansu, shahararren tauraron fim kuma ya zauna a tsakiyarsu yana sauraro yana jiran a ba shi hanya.

Tasirin aikin bai tsaya nan ba. Granz ya kafa kamfanin Verve a 1956, a shekarar kuma ya fara jerin fayafayan da Ella Fitzgerald ta bi manyan masu tsara waƙa ɗaya bayan ɗaya, ta fara da Cole Porter. A wannan shekara ya haɗa Ella da Armstrong a faifan Ella and Louis, Peterson da Ray Brown na bayansu, kuma cikin abin da suka rera akwai “Cheek to Cheek”, “Isn’t This a Lovely Day”, “A Foggy Day” da “They Can’t Take That Away from Me”. Ka ga ke nan kana da damar yin gwaji mai kyau: waƙa ɗaya, mai fiyano ɗaya, mai bas ɗaya, shekara huɗu tsakani, muryoyi dabam. Mel Tormé ma ya yi faifai sukutum na waƙoƙin Astaire a 1956, Tony Bennett ya yi nasa a 1993. Kada ka nemi “One for My Baby” a The Astaire Story, ba ta ciki, duk da cewa shi ya fara rera ta a fim a 1943 kafin Frank Sinatra ya mai da ita tasa.

Wajen nema a YouTube ko Spotify, ka tabbata ka ga sunan Oscar Peterson tare da nasa, in ba haka ba za ka faɗa kan na finafinai ko na garmaho, ka ji goge ya cika kunne ka ce ba abin da na faɗa maka ke nan ba. Kada ka zauna ka sha fayafayan huɗu a zama ɗaya, waƙoƙi sun haura talatin, kuma muryar ba ta da launuka da yawan da za ta riƙe ka awa biyu a karon farko. Akwai ’yan wuraren ma da sautin sama ya yi masa nisa ka ji yana miƙa wuya, ban ɓoye maka ba. Fara da uku: “Isn’t This a Lovely Day”, “They Can’t Take That Away from Me”, da “Steppin’ Out with My Baby”. Sa abin saurare a kunne, da dare, lokacin da unguwa ta yi tsit. Karo na farko bi bas ɗin Ray Brown kaɗai kana taka ƙafa, karo na biyu ka ci gaba da takawar ka mai da hankali kan inda kalmomin ke faɗawa tsakanin takunka. A wasu waƙoƙin za ka ji ya fara da ’yar magana, yana faɗin inda waƙar ta fito, da muryar da ba ta da bambanci da wadda zai rera da ita.

Da aka gama aikin, Astaire ya ba kowane ɗaya daga cikin makaɗan shida munduwar zinariya da aka zana kalmar godiya da sunansa a jiki. Peterson ya ci gaba da ɗaura tasa a hannu har ƙarshen rayuwarsa a 2007, shekara ashirin bayan rasuwar Astaire.